Kalmar da Zunaira Ta Faɗa

Matakala goma sha bakwai ce zuwa ɗakin da Master Liaqat yake koyar da Sifaniyanci, gwiwoyina sun shaida. A nan garinmu Gujrat duk saurayin da ke mafarkin Barcelona sai ya bi ta hannunsa. Ni kuwa kalma ɗaya ta kawo ni, tun daga gida nake nanata ta kada ta kuɓuce min.

"Sughra Bibi! Ke ma biza kike nema?"

"Ta lahira nake jira. Zauna ka ji."

Ɗana Tanvir ne ya zo hutu daga Barcelona da matarsa da 'yarsu Zunaira, mai shekara tara, wadda ba ta san komai a yarenmu ba sai "Dadi", wato kaka, da take kira na. Ya ce in ta saba da gidan, za a riƙa turo min ita duk shekara. In ba ta saba ba, shi ke nan.

Shekara goma sha ɗaya ina gadin benen da ya gina. Kujeru cikin leda, labule a sake kada rana ta ci launinsu, ɗakuna a kulle, ni ina kwana a ɗan ɗakin da ke kusa da turken ɓauna. Haka kowace uwa take yi wa gidan ɗanta na Turai, amana ce.

Yarinyar ta zaga sama da ƙasa, ta riƙe rigar uwarta ta faɗi wani abu. Uwar ta ce wai yabon gidan take. Ba yau aka haife ni ba, ba a yabo da irin wannan fuskar.

"Lúgubre," na ce wa Master.

Ya cire tabarau. "Wa ya faɗa?"

"Kai dai fassara, ba shari'a na kawo maka ba."

"Wurin da babu rai, Yaya. Duhu-duhu, tsit, kamar gidan da aka fitar da gawa jiya."

Raina ya ɓaci, amma gajiyar ta fi ɓacin ran yawa.

"Jikarki ce ke nan. Je ki yaye ledojin, ki buɗe tagogi," ya ce. "Saura kwana nawa su koma?"

"Huɗu. Master, ana kiran mutum da ita?"

"Me kika gani?"

"Lokacin da ta faɗa, ba gidan take kallo ba."

Ya mayar da tabarau. Ya leƙa taga ya ce wa mai shayi ya hawo da kofi ɗaya, ya ƙara sukari.