Sauran Da Ba A Share Ba

"Ya fito! Wallahi ya fito!"

Ihun Ɗaliba ya sa narkakkiyar dalma ta ɗiga a yatsan Injiniya. Ya yarfe hannu, ya ture wayar da yake gyarawa, ya leƙo ta bayan kafaɗarta. A baƙin allon kwamfutar, ƙarƙashin dogon jerin sifili da ɗaya, ga amsa a zaune: 3F7A.

"Baban Mimi, ka gani? Sau ɗaya na gwada!"

"Na gani," ya ce. "Madalla."

Kalmar ta fito masa a bushe kamar ya haɗiyi ƙwayar magani ba ruwa.

Shi fa ya koya mata. Tun kafin aurensu, da tana ajin farko a jami'a shi yana na ƙarshe, shi ya zaunar da ita ya nuna mata asambili, yaren da ake yi wa na'ura magana kai tsaye, har ya laƙaba mata Ɗaliba. Don a mayar da sifili da ɗaya zuwa lissafin sha shida, sai a yi ta raba lambar da sha shida ana tsince saura. Na'ura tana ajiye sauran a wani ɗan aljihu mai suna DX. Bakinsa har ya gaji da faɗa mata: "Ki share saura kafin ki sake rabawa. In kin bar shi, komawa zai yi cikin lambar, rabon ba zai taɓa ƙarewa ba."

Sai mahaifinsa ya rasu, ya bar karatu saura ƙiris, ya buɗe shagon gyaran waya. 'Yan layi suka sa masa Injiniya, ya riƙe sunan hannu bibbiyu, don shi kaɗai ya rage masa. Ita kuwa ta ci gaba, da izininsa, har yana bugun ƙirji a gaban mutane. Yanzu wani kamfanin mitar wuta yana neman mutum ɗaya tak daga ajinsu. Jibi kowa zai kai aikinsa a filashi, a kunna a gaban alƙalai, ba gyara, ba taɓawa.

* * *

"A'a, ga mijin Injiniya!"

Mai Caji ne, maƙwabcinsa a layin shaguna, ya tare shi da wannan washegari tun bai buɗe kwado ba. Telan da ke gefensu ya fashe da dariya har da dukan keken ɗinki.

"Ai ka huta, mutumina. Ita ta tafi ofis da mota, kai ka goya Mimi. Zanen goyon ma ni zan ɗinka maka, kyauta."

Injiniya ya yi dariya tare da su, yaƙe ne kawai. Yinin ranar sukurori suka yi ta suɓuce masa. Ba ƙin ta yake yi ba, Allah ya sani. Amma yaya za a yi abin da ya fita daga bakinsa ya kai ta inda shi bai taka ba? Da ba don mutuwa ta gitta ba, ai shi za a yi wa wannan kiran. Ya ga kansa a bikin kamfani yana riƙe mata jaka, ana tambaya, wannan fa? Ƙyashi ne, ya san ƙyashi ne, sanin bai rage masa komai ba.

* * *

Ranar gwajin, da safe, Mimi ta kifar da shayi a jikinta.

"Baban Mimi, don Allah zuba min aikin a filashi, bari in sake wa yarinyar nan kaya. Ka ɗan duba min shi da idon malami."

Ya zauna. Mabuɗin kwamfutar bai canza ba tun ranar da aka saye ta: injiniya. Ya bi aikin layi layi yana neman aibi, ko guda, ko ɗan waƙafi, wanda zai nuna mata ya ji sanyi. Babu. Ya ma fi nasa na da tsabta, abin da ya ƙara ƙona shi ke nan. A tsakiya ga ɗan layin da ke share saura, XOR DX, DX. A gefensa ta rubuta: in ji Malam.

Daga banɗaki yana jin ƙarar ruwa, tana yi wa Mimi waƙa. Yatsansa mai ƙunar dalma ya daɗe a kan madanni. Sannan ya goge layin, ya sake haɗa aikin, ya zuba a filashi.

"Lafiya lau yake," ya ce da ta fito. "Allah ya ba da sa'a."

"Amin, Malam." Ta rusuna cikin wasa, ta karɓa da hannu biyu.

* * *

Da la'asar ta dawo. Sallamarta ko Mimi ba ta ji ba. Ta cire takalmi, ta jera su daidai a bakin ƙofa, ta zauna a hannun kujera da jakarta a cinya.

"Yaya aka yi?"

"Bai fito ba. Suka kunna, muka yi ta jira, allon baƙi ƙirin, har na'urar ta daskare. Babban alƙalan ya buɗe aikin ya ce, Hajiya, wannan ai kuskuren 'yan ajin farko ne." Ta ɗago ta dube shi. "Wai ban share saura ba."

"Subhanallahi. Kuskure ne, kowa yana yi."

"Kowa yana yi," ta ce a hankali. "Ban da wanda ka koya wa."

Ya jira kuka, ya jira faɗa, har ya tanadi rantsuwar da zai yi. Ba ta ba shi ko ɗaya ba. Ta tashi ta ɗora girki, ta kawo masa abinci, ta zuba masa ruwa, ta ce a ci lafiya, kamar yadda ake ce wa baƙo.

Sunan ya tsira. Mai Caji ya koma kiran sa Injiniya, Tela ya daina zancen zanen goyo. A gida kuwa kalmar Malam ta ɓace, shi ma bakinsa ya kasa ɗaukar Ɗaliba.

Ran nan ta fita kai Mimi allura, ya jawo kwamfutar. So yake ya mayar da layin, ko da ba zai amfani kowa ba. Ya rubuta mabuɗin: injiniya. Ta ƙi buɗewa. Ya sake, harafi harafi, da yatsa ɗaya. Ɗan akwatin mabuɗin da ke allon ya girgiza, ya share abin da ya rubuta, ya koma fanko. Ya zauna yana kallon ɗan tsinken da ke ƙiftawa a ciki, har ya ji motsin makullinta a ƙofa.