Inda Na'urar Maiwada Ta Yi Kuka

A garinmu, can bayan Moriki, babu wanda bai san Labbo da Maiwada ba sa ga maciji ba. Iyayensu maza wa da ƙane ne, gonakinsu kuma kafaɗa da kafaɗa, to a nan abin ya lalace. Tun da iyayen suka kwanta dama, kowace damina sai garmar Labbo ta ɗan gutsiri kunya ɗaya ko biyu daga gefen Maiwada, har aka wayi gari jigawar da ta fi ko'ina yin gero ta koma hannunsa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Maiwada ya kai ƙara. Alƙali ya ce ya kawo shaida. Shaidun kuwa duk suna ƙarƙashin ƙasa, sai gwaggonsu Kulsumu, wadda ke cewa kakansu ya binne guntun ƙarfen layin dogo a kan iyaka lokacin da ya raba wa 'ya'yansa gonar. A ina? Ta manta. Labbo ya ce ruɗin tsufa ne, ya kuma yi rantsuwa cewa ranar da Maiwada ya taka masa gona da wannan sandar tasa ta tsiya, sai ya karya ta a gadon bayansa.

Sandar ita ce na'urar gano ƙarfe da Maiwada ya saya a kasuwar Shinkafi hannun wani mutumin Nijar. Da ita yake neman tsofaffin kuɗi, anini da kwabo mai huda da sulen Ingila, yana kai wa masu sayen kayan da. Mutane na yi masa dariya, amma ya san inda yake sa ƙafa. Ba ya ɓata batir a tsakiyar daji. Sai gindin tsamiyar da kasuwa ta taɓa ci, ko mashigin gulbi inda mata kan tattare zani ƙullin bakinsa ya kwance, ko bayan tashar jirgi a Kaura wurin da ake awon gyada a da. In ya ga tsingaron tukwane warwatse a ƙasa sai ya tsaya, don ya san mutane sun zauna a nan, kuma duk inda mutum ya zauna sai ya yar da wani abu.

Wannan son tsingaron Labbo ya yi wa tarko. A ƙarshen gonarsa akwai wata kuka, ƙarƙashinta tsingaro birjik. Ba na kasuwa ba ne. Fasassun tukwanen da mutanen dauri ke rufe kabari da su ne, ruwa ya tono su, don wurin tsohuwar maƙabartar kufai ce da aka daina kai kowa tun muna yara. A shekarar nan kuwa, a kama mutum yana tonon kabari, ba wai gona ba, ko sallamarsa babu mai sake amsawa, balle alƙali ya saurare shi. Ni ban taɓa ganin mugunta mai sanyi irin wannan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Labbo ya tare shi da fara'ar da ba ta kai ciki ba. Ya ce zumunci ya fi gona, ya ce ya janye rantsuwarsa, har ya yi kaffara.

"Ka tai gindin kukar can tawa ka gwada," in ji shi. "Tsohuwar kasuwa ta. Kuɗɗin Turawa na nan jibge."

Maiwada ya dube shi ya daɗe. "Ka yarda in shiga da na'ura, Yaya Labbo? Gaban mutane ka hwaɗi."

Ya maimaita a gaban mutane, har da ɗaga murya.

Washegari da hantsi Maiwada ya saɓa magirbi, ya rataya na'urarsa. Bazara ce, gona fayau, Labbo ya riga ya watsa taki yana jiran ruwa. Shi kuwa Labbo tuni ya bi ta gidan liman da na mai unguwa, ya kwaso 'yan agaji, wai su zo su gane wa idonsu abin da ɗan'uwansa ke yi wa matattu. Ni ma ina cikin waɗanda suka bi. Muka laɓe bayan gamba kamar masu farautar zomo, manya da gemu, abin kunya.

Abin da ya fara ba mu mamaki, Maiwada bai nufi kukar kai tsaye ba. Ya fara daga iyakar da ake rigima a kanta, yana tafiya a hankali, yana lilo da faifan na'urar dama da hagu, ya je ya dawo kamar mai shuka. Labbo ya fara gumi yana tsaki. Da ya kai kusa da kukar sai ya kashe na'urar, ya cire takalmi, ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen wurin addu'a. Ko tsingaro ɗaya bai taɓa ba. Sannan ya ja da baya, ya kunna, ya bi gefen. Can na'urar ta ɗauki kuka mai ƙarfi, ba irin 'yar ƙarar da anini ke sa ta ba.

Maiwada na sara magirbi Labbo ya yi tsalle ya fito yana cewa ga shi nan, a kama shi. Liman ya ce a dakata, nan ba kabari ba ne, maƙabarta daga kuka ta fara ta yi gabas. Ya ƙara da cewa mu Musulmi ba a binne mu da komai sai likkafani, to me na'urar ƙarfe za ta ji a kabari? Aka zagaye ramin. Bai kai kamu biyu ba magirbi ya yi ƙara. Guntun ƙarfen dogo ne a tsaye, ya yi tsatsa jawur, can cikin abin da Labbo ke kira gonarsa, nesa da inda ko shi Maiwada yake nema a kotu.

Shaidun da Maiwada ya rasa, ga su Labbo ya tara masa da ƙafarsa, har da liman. Mai unguwa ya ce kada kowa ya cire ƙarfen sai alƙali ya aiko. Labbo ya fara cewa dasa shi aka yi, sai ya dubi saiwar da ta nannaɗe ƙarfen, ya ja da baya.

Maiwada ya karkaɗe hannunsa, ya sa takalmi. Na yi zaton zai yi murna, amma idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na gode da taki, Yaya Labbo," ya ce. "Gonar da kac ci shekara da shekaru, na yahe. Amma ni da kai munka ɗauko tukwanen da anka ruhe kakarmu Inna da su gindin kukar can. Uwar ubanka ce ka so in tone."