Naɗe-ka-gudun Mainasara

"Ku riƙe shi ta kafaɗa, kada ku matse masa ƙirji!"

Sakinatu ce ke faɗa mana haka, muna ƙoƙarin sauko da mahaifinta daga bayan mota a ƙofar gidansu da ke Alshajara, unguwarmu a Khartoum. Mu uku muka kama shi, amma ni kaɗai ma da na isa. Mainasaran da na sani yana saɓa tukunyar iskar walda a kafaɗa ya tsallaka titi da ita, ga shi yau bai fi nauyin naɗaɗɗiyar tabarma ba.

"Dogo," ya ce da ni, numfashinsa na fita da ƙyar, "bi a hankali. Ba takalmanka na roba ka ɗauko ba."

"Takalmana sun fi ka daraja. Su ana tayawa."

Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Muka kwantar da shi a kan angarib, gadon igiyar nan da ke ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Likita ya ce hayaƙin walda ya gama da huhunsa, a kai shi gida ya huta. Duk mai hankali ya san abin da ake nufi da wannan hutun.

Tarin na lafawa ya nemi 'yarsa da ido.

"Takarda ta fito?"

"Lissa, Yaba. Da saura," in ji ta. Ta gyara masa matashi, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, tun muna da baƙin gemu. Ni takalma nake sayarwa a bakin titi a Suk al-Shabi. Shi kuwa mai walda ne, warsharsa, wato shagon aikinsa, na bakin layinmu. Duk wanda ya yi talla a titin Khartoum a waɗancan shekarun ya san kasha: kana zaune ka shimfiɗa kayanka, sai ka ji an yi ihu, motar hukuma ta faɗo, kafin ka tattara an kwashe. Mata su aka fi cuta, don ba sa iya gudu da buhu. Mainasara ya ga wannan da idonsa wata rana da ya zo wurina shan shayi. Ya koma gida, ya rufe kansa a warsha har na fara yi masa tsiya cewa aljanu sun aure shi.

Abin da ya fito da shi sandar ƙarfe ce tsaye, da hannuwa kewaye da ita kamar laima, ana rataye kaya a jikinsu. In ka taka wani ɗan ƙarfe a ƙasa sai ta juya, mai saye ya ga kayan duka yana tsaye wuri ɗaya. In aka yi ihun kasha, zobe ɗaya za ka ja, hannuwan su rufe da kayan a jikinsu, ka saɓa ka ruga. Wuyar aikin tana wurin haɗa siririn bututu da zobe mai kauri ba tare da wuta ta huda bututun ba. Ya ɓata ƙarfe mai yawa kafin ya gano yadda zai fara gasa zoben, sannan ya bi gefen da ɗigo-ɗigo. Larabawa suka sa wa abin suna tawwaya. Mu kuwa muka ce naɗe-ka-gudu.

To, a wurinmu mai sana'a ba ya sayar da abin da ya fara fitowa daga hannunsa. Sadaka ake bayarwa, don aikin ya yi albarka. Haka ya ga mahaifinsa Ɗantsoho yana yi da kwandon farko na kuɓewar da yake shukawa a gefen gonar auduga a Jazira. Saboda haka Mainasara ya ɗauki na farkon ya kai wa Fatna, wata bazawara mai sayar da gyale, ya kafa mata shi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ya koya mata jan zoben. Masu walda suka yi ta zuwa kallo. Wanda ya tambaye shi yadda ake haɗin, sai ya zaunar da shi ya nuna masa, har da shayi. Kafin a ankara abin ya cika kasuwanni. Wani Jibirin mai warsha a Omdurman ya fi kowa cin moriyarsa, yana yi da yawa, yana rubuta sunansa da jan fenti a jikin sandar. Ni dai tun daga lokacin ba na amsa sallamarsa da daɗin rai.

Mainasara bai san ana yi wa ƙirƙira rajista ba sai da Sakinatu ta gama karatu ta zama malamar makaranta. Ita ta gaya masa akwai ofishin da ke ba mutum shaida cewa shi ya fara ƙera abu. Tun daga ranar maganar ta shiga ransa ta zauna, har sai da ta kai masa takardar neman rajistar. Ba riba yake nema ba, ya faɗa mini da bakinsa.

"Ubana da ƙafa ya zo ƙasar nan zai tafi hajji. Ya ƙare rayuwarsa a gonar wani. Ni ma hayar warsha nake. Dogo, ina so a ce akwai abu guda a ƙasar nan da aka rubuta sunan ɗan Ɗantsoho a kansa."

Yana asibiti amsa ta fito. Ni na raka Sakinatu ofishin. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Ya ce abin da ake yi wa rajista sai wanda ba a taɓa fitar da shi fili ba, wannan kuwa ya yi shekaru a kasuwa kafin a kawo musu.

"Ya ustaza, ni kaina a jikin irinsa na sayi wannan tabarau," ya ce da Sakinatu. "Da ya kawo mana kafin ya kai kasuwa, da babu matsala."

"Ai ba sayarwa ya yi ba," in ji Sakinatu. "Sadaka ya bayar!"

"Allah ya karɓa masa. Amma ya riga ya fita."

A cikin motar haya da muka shiga daga Suk al-Arabi ta ce mini, "Kawu Dogo, za mu ce masa an amince, buga hatimi ya rage. Ka ji?" Na ce mata ni ba zan iya ba. Abin da zan iya shi ne in yi shiru. Ta ce to in yi shirun.

Na yi, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba. Kullum na dawo kasuwa sai in shiga in zauna a gefen angarib. Masu dubiya na ta zuwa. Fatna ta zo da kunu a kwano, ta tsufa ta ranƙwafa, ta zauna tana ta yi masa addu'a. Jibirin ma ya zo da lemu a leda. Sakinatu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mahaifinta yana barci, alhali ana jin tarinsa daga titi. Ya ajiye ledar a ƙasa ya juya. Ban ji tausayinsa ba.

Kuma kowace rana tambayar ɗaya ce. Da farko Sakinatu na cewa da saura. Daga baya, da ta ga jikin na ƙara yin ƙasa, sai ta ce, "Sun ce halas, Yaba, an amince. Hatimi kawai."

Wata la'asar ta tafi sayo magani, ya rage daga ni sai shi. Ina yi masa fifita, ya kamo hannuna. Tafinsa duk tabon tartsatsi ne.

"Dogo."

"Na'am."

"Kai ba ka iya ƙarya ba. Shi ya sa har yau kake bakin titi."

"Ka yi shiru ka huta, tsoho."

"Duk lokacin da yarinyar nan ta ce hatimi, kai sai ka kama kallon kaji. Na haɗa ka da Allah, me suka ce?"

In da ya bar ni da zolaya, da na zille. Amma ya haɗa ni da Allah, kuma mutumin da ke bakin tafiya ne. Na gaya masa duka, yadda ma'aikacin ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba.

Ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Don ya cika kasuwa?"

"Don haka."

"Wato ranar da na kai wa Fatna..."

"Tun ranar."

Ya juya fuskarsa wajen katanga. Can na ji ya ce, a hankali, "Da na sani da na kulle shi a ɗaki." Ban taɓa jin irin wannan magana daga bakin Mainasara ba, kuma ta soke ni fiye da tarinsa. Aka jima ya ce, "Astagfirullah. Matar nan a gindinsa ta ciyar da marayunta. Astagfirullah." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Amma na ga hawaye ya gangara ya shige kunnensa, kuma ba zan ce muku ya haƙura ba. Ya nemi gafarar maganar, ciwon kuwa yana nan.

Sakinatu na shigowa ta dube shi, ta dube ni, ta gane. Ledar maganin ta faɗi daga hannunta.

"Kawu! Me ya rage masa da ba za ka bar shi ya tafi da farin ciki ba? Haram alek!"

"Rabu da shi," Mainasara ya ce. "Ni na matsa masa. Zo nan, 'yata. Kin yi ƙoƙari."

Ta durƙusa ta kifa kanta a gefen gadon. Ni na tashi na fita. Har yau ban san ko daidai na yi ba, kuma ita ba ta sake yi mini maganar ba.

Bai ƙara tambayar takarda ba. Bai ƙara zolayata ba ma, wannan ya fi damuna. Ya cika da hantsin wata Talata, lokacin da warshoshin unguwa suka fara buge-buge. Ina riƙe da kansa, liman na laƙƙana masa kalmar shahada, ya motsa leɓe ya bi, shi ke nan.

Muna cikin haɗa shi a ɗaki sai na ji ƙarar injin walda daga bakin layi. Na san kukan injin nan kamar yadda na san muryar mai shi. Raina ya ɓaci. Na fito hannuna a jiƙe, na tarar da ƙofar warshar a buɗe, mai gidan hayar ya ba da mabuɗi. Jibirin ne durƙushe a ƙasa da farar jallabiyarsa ta zuwa jana'iza, ya kare fuska da gilashin Mainasara, tartsatsi na zuba a kan tufarsa.

"Kai, ba ka da kunya? Mutumin ko wanka ba a gama yi masa ba!"

Ya ɗaga gilashin. Idanunsa sun yi ja.

"Malesh, yi haƙuri, Dogo. Allon kabari ne. Ka bar ni in gama, na roƙe ka."

Na tsaya ina huci. Na koma ciki.

Aka sallace shi bayan azahar. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, masu walda da 'yan bakin titi, Hausawa da Larabawa, wasu ma ban san su ba. Muka kai shi maƙabartar da ke bayan unguwa, aka sa shi, aka mayar da ƙasa, aka yayyafa ruwa. Sannan Jibirin ya ratso mutane da wani abu naɗe a buhu. Bai kafa da kansa ba. Ni ya miƙo wa, kansa a ƙasa.

Na warware buhun. Farantin ƙarfe ne a kan sanda. A nan fenti ake rubuta wa mamaci suna da shi, damina biyu ya goge. Wannan kuwa da walda aka bi haruffan, ɗigo-ɗigo, ya taso a jikin ƙarfen yadda ko makaho zai karanta da yatsa. Mainasara Ɗantsoho. A ƙasan sunan kuma, da ƙananan haruffan Larabci, wanda ya ƙera tawwaya.

Na kafa shi a wajen kai, na danna da dukan ƙarfina har ya zauna. Mutane suka shafa fatiha suka fara watsewa. Ni na daɗe a tsugune, tafin hannuna a kan rubutun. Ƙarfen bai gama hucewa ba.