Sunan da Na Kira a Tashar Jidda

Tun da aka kawo ni gidan mijina a Kaura Namoda daga Dauran, ban taɓa kama sunansa ba. Alhaji nake cewa. Ko yaron maƙwabta aka sa wa sunan, wurina ya zama Mai Sunan Alhaji. Haka na ga uwata ta yi, kuma ban ga abin da ya rage ta da shi ba.

Bara autarmu Nusaiba ta biya mana Umara. Ta wayarta ta kama mana masauki mai sauƙi a Makka, ta yanki tikitin jirgin ƙasa daga Madina. Da Alhaji ya ji jirgin ƙasa, wayyo, sai baki har kunne! Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana lodin gyaɗa a tashar Kaura, yana bin jirgi har Zariya, wa zai gwada masa jirgi?

"Lami, ke dai bi ni," ya ce. "Ni na san halin jirgi."

Halin jirgi! Idanunsa sun yi yana, ko jikokinsa sai sun yi magana yake gane su, amma wai shi ne jagora.

Muka shiga, shi da haraminsa, fasfo da waya duk suna cikin jakata. Wanga jirgi ba ya ko jijjiga. Alhaji ya yi ta tsaki, wai jirgin da ba ya kuka ba ya hayaƙi ai sai a ce masa mota. Ya ƙi yin alwala a bayin ciki kuma, wai ƙafarsa ba ta kaiwa wurin wanke hannun.

Da muka tsaya Jidda na duƙa ina neman dabino a jaka. Ina ɗagowa na ga kujera wayam, butarmu ma babu. Nan take na gane. Jirgin da ya sani, in ya tsaya Gusau, sai a sauka a yi alwala, a yi salla, a sayi rake, direba ma ya sha furarsa kafin a tashi. Shi ne ya sauka neman famfo!

Na ruga bakin ƙofa da gwiwar nan tawa mai ciwo. Jama'a! Maza fal dandamali, kowa da farin harami, kowa kai ba hula. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. In jirgin nan ya tashi, tsoho ne za a bari a ƙasar mutane, ba ido, ba takarda, ba Larabci sai na salla.

"Alhaji!" na ƙwala.

Kusan rabin tashar suka waiwayo, ban da nawa. Can na hango butarmu mai ruwan ganye tana lilo a hannun wani, yana ƙara nisa. Ƙofa ta fara ƙara. Na sa ƙafa ɗaya waje, ɗaya ciki, wani ma'aikaci yana ta yi mini nuni in koma.

"Alhaji! Baban Nusaiba!"

Ina! Ko gezau.

Bakina ya yi nauyi, wallahi sai da na ji kamar zan tuɓe zane a kasuwa. Na rufe ido.

"Sirajo!"

Ya tsaya cak. Na sake, na kuma sakewa, shi kuwa ya juyo yana bin muryar, yana ture mutane da buta. Ma'aikacin ya gane, Allah ya saka masa, ya riƙe ƙofar da hannu. Na cafko gefen haramin Alhaji na jawo shi ciki, ƙofa ta rufe a bayansa.

Na mayar da shi kujerarsa, muka zauna har Makka. Haushi nake ji, da kunya, ga hawaye ya ƙi tsayawa.

Masaukin namu can bisa tudu yake, ɗan ɗaki da gadajen ƙarfe biyu, na'urar sanyi tana ƙara kamar injin niƙa, madafa kuma ta kowa da kowa. Washegari da hantsi, mun gama Umara an yi masa aski, na dama kunu da garin geron da na ƙullo daga gida. Ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni hakanan," ya ce. "Kasuwa Alhaji, gida Baba. Na ɗauka sunan ya bi ta."

"Sha kununka," na ce. "Larura ce."

"Lami, ƙara faɗi. Nan wa ya san mu?"

"Mi? Allah ya sawwaƙe! Da girmana?"

Ya dinga murza kofi, kan nan fes kamar na jariri. Na leƙa waje, babu kowa sai wata Baturkiya tana shanyar tufafi. Na turo ƙofa, na zauna bakin gadonsa, na faɗa a hankali.

"Na'am," ya ce.