Ranar da Aka Yashe Kududdufina

Shekara arba'in ina kiwon koi, kifin adon nan mai ja da fari, kuma ban taɓa zama a aji ba. Ambaliya ta ci gonar kifin da nake wa aiki sau biyu, kowa ya gudu, ni ina nan daram. Injin ruwa ya cinye mini yatsu biyu, na ci gaba da takwas.

Kwatsam Maigida, mai gonar, ya ɗauko mana manaja mai digiri, muna ce masa Farar Riga. Ya zagaya tankunan siminti yana gyaɗa kai, ruwa garau. Da ya iso kududdufina na laka, ruwa kore shar, sai ya toshe hanci.

"Baba, cike wannan ƙazantar za mu yi, kai ma ka je ka huta. Kifi jini ne. In iyaye na da kyau, magana ta ƙare."

Na juya wajen Maigida. "Ranka ya daɗe, a yashe tukuna. In babu abin kirki ciki, ni zan zuba shebur na farko in yi sallama."

Shekara uku kafin zuwansa na raba 'ya'yan kifi, 'yan uwa ɗaya, gida biyu: goma a laka su sake, sauran a cunkoson tanki.

Ranar yasa muka ja raga. Na shiga laka har ƙugu, na rungumo kifanya ta farko kamar jinjira. Tsawonta daga kafaɗata zuwa yatsa, jan jikinta sai ka ce yau aka shafa. Na sa ta a baho kusa da 'yar'uwarta ta tanki, wadda ko rabinta ba ta kai ba.

"Ba uwarsu ɗaya ba!" in ji Farar Riga. Ya buɗe littafin gonar, littafin ya ƙaryata shi. Sai ya nuna wasu biyu cikin ragar, manya amma koɗaɗɗu. "To waɗannan fa, Baba?"

"Nan ka yi gaskiya, ɗan nan. Laka jiki take bayarwa, launi kuwa gado ne. Rabin karatun ka iya."

Maigida ya yi dariya har da tari. "Kududdufi na Baba ne. A haƙa masa na biyu."

Na zaɓi inda hantsi ke fara bugawa, na miƙa wa Farar Riga igiyar awo. Ya riƙe kuwa, a karkace. Sau uku ina gyara masa.