Ruwan Alwalar Honorabul

Jarkar tana lilo a ƙarshen igiya, tana hawa a hankali zuwa bakin tanki, ruwa na ɗiga daga murfinta yana sauka a hular Ya'u. Bai matsa ba. Yana riƙe da ƙafar tsani, idonsa na kan rubutun da ke jikin tankin, wanda rana ta cinye rabinsa: sunan Honorabul Nasrullahi, ɗan majalisar da ke wakiltarsu, da shekarar da ya kafa wa Garin Cindo wannan famfo mai sola.

Tun kafin azumin bara injin da ke ƙasa ya ƙone. Daga nan ruwan garin ya koma rijiyar wani ƙauye da ke tsallaken titin Gumel zuwa Maigatari. A gidan Ya'u, babbar 'yarsa Khairiyya ce ke kora jaki zuwa can kowace safiya, ta dawo an riga an shiga aji. Wannan bai fi damunsa ba. Abin da ke hana shi sakat shi ne titin, musamman ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, da manyan motocin shanu ke bin juna ba ƙaƙƙautawa. Shi kansa a can yake wuni ranar, yana lodin shanu a motocin, da shi gidan ke cin abinci har mako ya zagayo. Wata Alhamis a watan jiya wata mota ta shafi kayan jakin, jarkoki suka watse a kwalta. Khairiyya ta dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya, ta zauna a gindin rumbu. Har yau Ya'u bai daina tunanin ko shi ya loda motar ba.

Ya juya ya dubi mai garin, wanda ke tsaye a inuwa yana ba samari umarni.

“Bulama Ishaƙ, ni fa har yanzu ban gane ba. Muna so mu gaya wa Honorabul famfo ya mutu, kuma muna cika shi da ruwa?”

“Ya'u, kai ba ka san manya ba,” in ji Bulama. “Mutumin nan da jama'a zai zo, har da masu ɗaukar hoto. Sunansa ne a jikin tankin. Ya zo yin alwala, ya murɗa ya ji wayam, a gaban mutanen Gumel? Ai mun tozarta shi ke nan. In muka kunyata shi da wane ido zai sake dubanmu?”

“To yaushe za a gaya masa?”

“Bayan ya yi salla, ya ci abinci, ransa ya yi sanyi. Sai ka ja shi gefe, ku biyu. Kai muka zaɓa, don kai abin ya fi taɓawa.”

Ya'u ya gyaɗa kai. In Bulama yana magana, komai yakan zauna daidai a kansa. Sai ya koma gida abin ya sake wargajewa.

Tun farkon makon duk jakin da ke garin, da duk amalanke, ruwa suke ja. Khairiyya ta daina zuwa makaranta gaba ɗaya, tana zuwa tana dawowa har fatar kafaɗar jakin ta saɓule. Abu ɗaya ne ya kwantar wa Ya'u da hankali: Laraba Honorabul zai zo, kuma Bulama ya ce abin da ya rage a tanki na gari ne. Ke nan wannan Alhamis ɗin yarinyar ba za ta taka titi ba.

Da safiyar Laraba ya tarar da matarsa Lauratu a ƙofar gida da ƙwarya, tana yayyafa wa ƙasa ruwa kamar yadda aka umarci kowane gida.

“Malam, ka ga ikon Allah,” ta ce ba tare da ta ɗago ba. “Mu da ke wanke-wanke da ruwan wankan yara, yau mu ne ke shayar da ƙasa. Ka ce wa Honorabul in ya ga dama ya riƙa zuwa duk mako, mu ga ƙarshen jakunan garin nan.”

“Ki yi a hankali, Lauratu.”

“Ni a hankali nake. Kai dai kada bakinka ya mutu in ka gan shi.”

Motocin Honorabul sun iso gab da azahar. Ya'u ya zaci zai ga ƙaton mutum mai tumbi, sai ga wani siriri mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya gaisa da dattawa hannu bibbiyu, ya tambayi Bulama ciwon ƙafarsa. Yara sun sha wanka, sun sa kayan salla. Fili ya yi luf, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi kamar an yi ruwan fari.

Da aka kira salla, Honorabul ya naɗe hannun riga ya nufi famfo. Ya murɗa. Ruwa ya feso da ƙarfi har ya jiƙa masa takalmi.

“Masha Allah!” ya ce, ya waiwaya yana neman yaronsa na siyasa, wani matashi mai waya biyu a hannu. “Ɗalha, zo ka ɗauki wannan. Ka ga abin da nake gaya muku?”

Ɗalha ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe. Bulama ya dubi Ya'u ya yi murmushi. Ya'u ya kau da kai.

Bayan salla da cin abinci aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya. Honorabul ya miƙe. Ya yi magana mai tsawo, kuma ga alama da gaske yake. Ya ce abubuwa uku ya sa a gaba a majalisa. Akwai ƙudirin da zai farfaɗo da cinikin kan iyaka a Maigatari, yadda kayanmu za su riƙa fita da daraja. Akwai cibiyar da za a koya wa matasa kwamfuta a Gumel. Akwai kuma fitilun titi masu sola, don tsaro. Ya kawo sunayen ƙasashen da suka ci gaba ta wannan hanya. Ya'u yana ta ƙoƙarin gano inda Khairiyya da jakinta za su shiga a cikin ukun nan, bai samu ba. Da aka yi tafi shi ma ya yi.

Sai Honorabul ya sassauta murya.

“Jama'ar Garin Cindo, zan gaya muku gaskiya. Na zaga Gagarawa, duk inda na tsaya ruwa ake ce mini. Gobe ma na san abin da zan ji a ƙauyukan Sule Tankarkar ke nan. Famfunan da muka kafa duk an bar su sun lalace. Na samo masu gyara da ƙyar, kuma ba za su iya zuwa ko'ina ba. Da garinku na cikin inda za su fara. Amma yau na gani da idona, ku kun riƙe amana. Saboda haka za su wuce inda ake kuka, ku kuwa tukuicinku fitilu. Ku ne farkon waɗanda za a kafa wa.”

Tafi ya ɓarke, har da guɗa daga bayan zana. Ya'u ya dubi Bulama. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma kamar an manta shi ne a wurin.

Kafin Ya'u ya tattara hankalinsa an yi addu'a, an shafa, jama'a sun yi wa baƙon rakiya zuwa mota. Ya kutsa yana cewa a ba shi hanya. Ɗalha ya tare shi da hannu.

“Baba, lafiya?”

“Magana ce da ni da Honorabul. Ta gefe ce.”

“Ai babu gefe yau, Baba, mun makara. Ka same mu a ofis a Gumel.”

An buɗe ƙofar mota. Ya'u ya hango Khairiyya can a bakin zana cikin 'yan mata, da hijabin makarantarta da aka wanke don baƙo. Bai san lokacin da muryarsa ta fita ba.

“Ranka ya daɗe, famfon nan ba ya aiki!”

Kowa ya juyo. Honorabul ya sauke ƙafar da ya riga ya sa a mota.

“Malam, wane famfo?”

“Wannan ɗin. Naka. Ya mutu tun bara.”

“Wanda na yi alwala da shi yanzu?”

“Shi.”

Wani daga cikin 'yan rakiya ya tuntsire da dariya. Honorabul bai yi ba. Ya dubi hannunsa, kamar yana neman sauran damshin ruwan.

“To ruwan daga ina?”

“Mu muka zuba, ranka ya daɗe. Da jakuna muka ɗebo daga tsallaken titi.”

“Kuka zuba? Don me?”

Ya'u ya buɗe baki. Bayanin da ya zauna daidai a bakin Bulama ya ƙi zama a nasa. “Don kada ka ji kunya,” ya ce.

Ɗalha ya matsa kusa da kunnen maigidansa, amma kowa ya ji shi. “Yallaɓai, irin 'yan adawar can ne. Turo shi aka yi ya ɓata taro.”

Honorabul ya ɗaga masa hannu, ya juya wajen mai gari. “Bulama, kai ne uban ƙasa a nan. Famfon nan yana aiki ko ba ya yi?”

Bulama Ishaƙ ya gyara rawani. Ya dubi baƙin Gumel, ya dubi wayar da ke ɗaukarsa, ya dubi sunan da ke jikin tanki.

“Ranka ya daɗe, ai ka gani da idonka.”

“Na gani. Shi ya sa nake tambaya.”

“To, abin da ka gani, ka gani. Sauran magana kuma ta zaure ce, in Allah ya kai mu.”

Honorabul ya shafa goshi. “Wallahi kun ɗaure mini kai.”

Ya'u ya ga mutumin na shirin juyawa. Sai ya nufi famfon da sauri, ya buɗe kan famfo na farko, ya buɗe na biyu, ya bi su duka. Ruwa ya kece ta ko'ina, yana dukan siminti yana gangarawa cikin yashi.

“Ka ɗan tsaya, ranka ya daɗe. Yanzu zai ƙare, ka gani. In injin na aiki ai ba zai ƙare ba. Ka ɗan tsaya kawai.”

Aka tsaya. Baƙi da 'yan gari suka zuba wa famfo ido. Ruwa na zuba, yashi na shanyewa. Ya'u bai taɓa sanin sun ɗebo ruwa da yawa haka ba. A ransa yana roƙon Allah ya ƙarar da shi, shi da ya shekara yana roƙon akasin haka.

Iya A'i, yayar Bulama, ita ta fara kasa daurewa. Ta fito daga bayan zana da bokiti tana ɗingishi.

“Kai Ya'u, ka haukace ne? Wannan ruwan da bayan 'yarka aka ɗauko shi!”

“Iya, ki bari ya zube. Don Allah ki bari.”

“In bari? Ka taɓa ganin an bar ruwa yana bin ƙasa a garin nan?”

Ta tura bokitinta ƙarƙashin famfo. Kamar jira ake, mata suka fito da robobi da tukwane da ƙore, yara na rige-rige a tsakaninsu. Lauratu ma tana ciki, ba ta ko dubi mijinta ba. Nan da nan bakin famfo ya cika da hayaniya da dariyar yara masu sababbin kaya, kowa na tarar ruwa. Ɗalha ya ɗaga waya ya ɗauka. Duk yinin bai samu hoto mai kyan wannan ba.

Honorabul ya daɗe yana kallo. Sannan ya zo ya dafa kafaɗar Ya'u.

“Malam, sunanka?”

“Ya'u.”

“Malam Ya'u, ban ce ƙarya kake ba. Ban kuma ce Bulama ƙarya yake ba. Amma ana jirana a gaba, ga la'asar ta kawo kai. Zan sa a zo a duba. In ka ji shiru, ka tuna mini.”

“Ta yaya zan tuna maka, ranka ya daɗe?”

Amma an riga an ja shi. Ƙofofi suka rufu ɗaya bayan ɗaya. Har motar ƙarshe ta fita daga garin ruwa na zuba da ƙarfinsa.

Motocin na hawa kwalta, ana iya jin ƙarar tayoyinsu daga nan, famfon farko ya yi tari. Ya tofar da iska, ya yi ɗan zirin ruwa kamar zare, ya ɗauke. Sauran suka bi shi. Matan da ba su samu ba suka tsaya da robobinsu a hannu, suna duban faffaɗan tabon da ya yi baƙi a yashi.

Bulama ya zo ya tsaya kusa da Ya'u.

“Da ka bari na same shi a gida,” ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfi. Ya sa kai ya tafi.

Ya'u ya zauna a bakin simintin. Yana ta juya abin a kansa, yana neman daidai inda aka kauce, ko a tsani ne, ko a gindin dalbejiya, ko a hannunsa. Duk inda ya taɓa sai ya ga kowa da gaskiyarsa.

Inuwa ta faɗo a kan ƙafafunsa. Khairiyya ce, ta cire hijabin makarantar ta ninke shi a hannu.

“Baba, Inna ta ce abin da ta tara ba zai kai safe ba.”

“To.”

“Gobe Alhamis.”

“Na sani.”

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Daga titi wata babbar mota ta wuce tana danna ham, fanko, ta nufi Maigatari ɗaukar shanun gobe. Ya'u ya miƙe, ya bi kawunan famfon ɗaya bayan ɗaya yana rufewa, yana matse kowanne da kyau.