Kwalaben Tartsatsi

Mai Gyara bai taɓa ɓoye wa kowa ba cewa jininsa bai haɗu da na mijin ƙanwarsa ba. Ba wani laifi mutumin ya yi masa ba. Shi dai a ganinsa, namijin da zai tsaya gaban akwatin sauti yana karkata kai yana sauraren kansa, kamar mai kallon madubi, to akwai gyara a lamarinsa. Makaɗin jita ne, kuma ba mai kiransa da sunansa na gaskiya sai Tartsatsi, don idan ya daki tsirkiya ɗaya sai ka ji kamar an watsa maka garwashi a ƙirji. Matarsa Auta, ƙanwar Mai Gyara, ita ce mawaƙiyar ƙungiyarsu, kuma tun suna da ƙuruciya tare suke hawa dandamali.

Rabin wannan amo mai cizo a yatsun Tartsatsi yake. Sauran rabin yana cikin wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, wadda a bayanta akwai manyan kwalabe biyu masu kama da ƙwan fitila, su ne ke tura sauti zuwa lasifika. Ko ƙurarsu Tartsatsi ba ya bari wani ya goge.

Shi ya sa Mai Gyara ya ajiye ƙarfen dalma ya gyara zaman tabarau da ya ga surukin nasa ya shigo shago da hantsi, rungume da amfilifayar yana haki. Shagon ƙarami ne, rediyoyi da fankoki duk sun cinye hanya, sai da ya bi a karkace kafin ya dire ta kan tebur.

"Yaya, barka da aiki."

"Barka kadai, Malam Tartsatsi. 'Yar lelen taka ce ba lafiya?"

"Lafiyarta lau. So nake ka cire mata kwalaben nan ka sa wasu."

Mai Gyara ya kunna ta, ya jira kwalaben suka yi ja a hankali, ya ɗora mita ya duba. Ƙalau suke, sai ka ce jiya aka sa su.

"Ni ba na gyaran abin da bai lalace ba," in ji shi. "Kuma irin waɗannan an daina yin su. Ko wani sabon yayi ne ya shigo, kana tsoron yara su wuce ka?"

Tartsatsi ya jawo wata tsohuwar lasifika ya zauna a kai, ya ɗan jima yana murza tafin hannunsa.

"Auta ta ce daga wasan ƙarshen watan nan ta ajiye waƙa."

Mai Gyara ya san ƙanwarsa ta yi ciwon maƙogwaro bara, ya san ta warke, kuma duk lokacin da ya tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Amma ya san Auta. Yarinyar da ta iya waƙa kafin ta iya ɗaura takalmi, idan aka ce ta yi shiru, bai san me zai rage a cikinta ba.

"Muryar ce ta tafi?"

"Ba ta tafi ba, Yaya, sauka ta yi. Da can sama take yawo, ni ina tsakiya, kowa da hanyarsa. Yanzu ta yi kauri ta sauko daidai inda jitata take zaune, kuma ba ta da ƙarfin ture ni. Ba ta jin kanta, sai ta riƙa matsawa, mu koma gida muryar a dishe. Ita a zatonta ta ƙare. Wallahi ba ta ƙare ba, ta ma fi da daɗi. Ni ne na tare mata hanya."

"To ka rage ƙara mana. Wannan ai ba sai an zo wurina ba."

"Na gwada." Tartsatsi ya nuna maɓallan da ke gaban amfilifayar. Kowanne akwai ɗigon jan farce a gefensa. "Ita ta ɗiga su da hannunta tun muna yara, don kada in manta inda sautina yake. Ranar da na murɗa wannan baya kaɗan, tana shigowa idonta ya sauka a kai. Ta ce, ‘Au, har na kai inda za a riƙa tausaya mini?’ Ranar ko abinci ba ta ci ba. Ka san halinta."

Ya sani sarai, gidansu ɗaya.

"Saboda haka maɓallan nan za su zauna inda suke," in ji Tartsatsi. "Daga ciki za a canja."

Mai Gyara ya tashi ya hau kujera, ya sauko da wani kwali daga saman kanta. Ya fito da kwalabe biyu masu ɗan tumbi, waɗanda ya daɗe da aunawa ya tabbatar ƙarfinsu ɗaya, don irin wannan aiki ba a sa su sai tagwaye. Idan ɗaya ta fi ɗaya jan wuta, sai ta cinye kanta ta bar 'yar'uwarta.

"Waɗannan a wajen sauti ƙasansu zurfi, samansu garau, tsakiyarsu kuma fili ne. Auta za ta samu wurin zama har ta miƙe ƙafa. Amma ka san abin da kake nema kuwa? Cizon nan da ake biyo ka dominsa zai tafi. Mutane za su ce wutarka ta mutu."

"Su faɗa."

"Sunan fa?"

"Na ci sunan nan ya ishe ni, Yaya. Sa mini su kawai."

Mai Gyara ya zare filogi, ya kwance bayan amfilifayar. Ya fara sauke wutar da ke maƙale a cikinta, hannu ɗaya a aljihu kamar yadda ya saba, don irin waɗannan na'urori suna riƙe wuta a ciki ko an kashe su, kuma ba sa gargaɗi. Da kwalaben suka huce ya kama ta farko da ƙyalle, yana ɗan girgiza ta a hankali har ta saki. Ya lura Tartsatsi ya juya yana kallon wani mushen fanka kamar bai taɓa ganin fanka ba. Mai Gyara ya ƙyale shi, ya ci gaba da aikinsa. Ya canja wata 'yar waya, ya zaunar da sababbin, ya kunna, ya riƙa murɗa wani ɗan ƙaramin sukuru yana kallon allurar mita har ta tsaya inda yake so.

Tartsatsi ya jona jita ya daki tsirkiya. Sautin ya fito da faɗi da sanyi, mai kyau ƙwarai, amma ba nasa ba. Fuskarsa ta yi irin ta mutumin da ya dawo gida ya tarar an sauya wa gadonsa wuri. Ya sake kaɗawa. Sannan ya rufe ido ya shiga rera wata waƙar Auta da muryarsa mai kama da jan buhu a kan siminti, yana laluben inda muryarta za ta faɗa, yana janye yatsunsa daga wurin.

"A nan za ta shigo," ya ce. "Ka ji? Ba abin da zai taɓa ta."

A nan ne Mai Gyara ya gane cewa karkata kan nan da ya daɗe yana yi wa dariya ba kansa mutumin yake saurare ba. Kunya ta kama shi, kuma surukin nasa ya burge shi ƙwarai, har ya rasa bakin zolaya. Ya naɗe tsofaffin kwalaben a ƙyalle ya miƙa masa.

"Riƙe su wurinka," in ji Tartsatsi. "Idan suna gida za ta gani."

Ranar gwaji da la'asar Mai Gyara ya je ɗakin da ƙungiyar take haɗuwa, wai ya zo duba wayar makirufo. Tsofaffin kwalaben suna cikin jakar kayan aikinsa, don bai yarda ya bar su a shago ba. Auta ta shigo ta gaishe shi, ta rame kaɗan. Kafin ta ajiye jaka ta kai ido kan maɓallan, ta ga kowanne yana kan ɗigonsa.

Mai ganga ya ba da hannu, jita ta shiga, Auta ta buɗe baki tana ɗaure da wuya kamar mai shirin ɗaga kaya. Sai muryar ta fito ita kaɗai a tsakiyar ɗakin, mai kauri da ɗumi, ba mai ture ta. Ta ɗan yi turus. Kafaɗunta suka sauka, ta saki wuyan, ta ci gaba. Mai Gyara yana tsugune da waya a hannu, ya manta ma da ita. Tun suna gida bai ji ƙanwarsa ta yi waƙa haka ba.

Da suka kai ƙarshe, sai mai ganga ya fashe da dariya.

"Kai, Auta, yau kin tashi matattu! Amma Tartsatsi, ina wutar? Ko an yi maka ruwan sama ne?"

"Tsufa ne, ɗan'uwa," in ji Tartsatsi yana dariya. "Kai ma yana hanya."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta dubi mijinta, ya sunkuya yana gyaran tsirkiyar da ba ta kwance ba. Ta dubi amfilifayar. Sannan ta tako ta tsuguna kusa da yayanta, kamar za ta taya shi naɗe waya.

"Yaya, ina ka kai masa su?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Su wa?"

"Haba Yaya. Sautin da na kwana na tashi da shi tun ina budurwa? Tun bugun farko na sani."

Mai Gyara ya ga ba amfanin musu. Ya buɗe jaka ya nuna mata ƙunshin ƙyallen. Ta ɗauka da hannu biyu, ta buɗe gefe ɗaya ta shafa gilashin da babban yatsa. Idonta ya cika da hawaye, ta bar su suka zubo.

"Ni zan ajiye su," ta ce. "Ranar da na daina waƙa, da hannuna zan kawo maka ka mayar masa da abinsa."

"Ƙarshen watan nan ke nan?"

Ta share fuska da bayan hannu, ta tura ƙunshin can ƙasan jakarta, ta ja zif. Ta miƙe ta koma gaban makirufo.

"Tartsatsi," ta ce, "a ɗauko daga farko. Kuma sababbin waƙoƙin nan da ka ɓoye a gida, gobe ka zo da su."